Injinan Iska: Ƙararsu da Makomar Burtalinmu

Jawabin da kwamitin filayen kiwo ya gabatar a taron makiyaya da fataken dabbobi a Kalakla, kudancin Hartum



Shugaban taro, iyayenmu ardo-ardo da umdodi da shehunan unguwanni, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Sarakunan kara, dillalai da fatake, iyayenmu mata masu sana'ar nono, da samari masu bin garke, muna yi muku barka da zuwa. Mun san waɗansunku daga Umdurman suka ƙetaro, waɗansu daga wajen Jabal Auliya, kuma mun san abin da kuɗin mota ya zama. Allah ya saka muku da alheri.

An ɗora wa kwamitinmu nauyin ya yi bayani a kan injinan nan masu kama da fanka, waɗanda ake kafawa a daji domin samun wutar lantarki daga iska. Dalili kuwa shi ne tambayoyi sun yi yawa. Wani ya ji an ce ƙararsu tana ƙafar da nonon saniya. Wani ya ji an ce tana sa taguwa ɓari. Wani dattijo kuma cewa ya yi, mu da yaƙi ya tarwatsa tun ran 15 ga Afrilu 2023, aka sace mana dabbobi, aka kwashe har wayoyin wutar gidajenmu, ina ruwanmu da wata fanka?

To, da tambayar dattijon nan za mu fara, domin ita ta fi nauyi. Kowa a nan ya ga yadda wuta ta zama. A farkon 2025 jiragen nan marasa matuƙi sun kai hari a tashar wuta ta Marawi, garuruwa da yawa suka kwana cikin duhu, famfunan ruwa suka tsaya. Duk wanda zai sake gina ƙasar nan, abu na farko da zai nema shi ne wuta, kuma masu ba da rance na duniya yanzu sun fi sakin kuɗi ga wutar rana da ta iska. Injin iska kuwa ba a tsakiyar gari ake kafa shi ba. Ana nema masa fili buɗaɗɗe, marar itatuwa masu tsawo, marar gine-gine, inda iska take kaɗawa ba abin da ya tare ta. Ku duba da kyau, jama'a, wannan siffar makiyayarmu ce aka zana. Kuma a lokacin sake gini ne ake rattaba hannu a kan takardun filaye da gaggawa, lokacin da masu filin suke warwatse.

Maganar ba sabuwa ba ce a Sudan. Tun a shekarun 1950 an kafa famfunan iska a Jazira suna ɗago ruwa daga rijiyoyi, kuma waɗansu daga cikin dattawanmu sun shayar da dabbobi a gindinsu. Na lantarki kuma, an daɗe da shirin kafa gonar iska mai ƙarfin megawat 100 a Dongola, da wata a gaɓar Bahar Maliya, da wata ƙarama a Niyala. A 2021 aka kawo injin farko babba daga ƙasar Holan, aka sauke shi a Bur Sudan, aka ɗauke shi a manyan motoci zuwa Dongola, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsawonsa mita 63, ƙarfinsa kimanin megawat 1. Fataken raƙuma da ke cikin taron nan ba sai an gaya musu mece ce Dongola ba. Ta can ayarin raƙuma yake bi in ya taso daga Kurdufan da Darfur zuwa kasuwar Darau ta Masar. Wurin da masana suka ce ya fi iska, a kan hanyar dukiyarmu yake.

Ga yadda abin yake aiki a taƙaice. Ana kafa dogon turken ƙarfe a kan harsashin kankare, a ɗora masa kai mai fukafukai uku. Iska ta tura fukafukan, su juya wani injin da ke cikin kan, wuta ta bi waya ta sauko. Ba mai, ba gas, ba hayaƙi, kuma ba ya shan ruwa don sanyaya kansa, abin da ya kamata makiyayi ya lura da shi. Yana fara aiki in gudun iska ya kai mita 3 zuwa 4 a daƙiƙa, kuma yana tsayar da kansa in ya kai wajen mita 25, watau in habub ta taso da ƙarfi ba ya jayayya da ita. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta yakan ninka takwas. Wannan shi ya sa kamfani ba ya yarda a ce masa ya matsa can gefe haka kawai. Ɗan bambancin iska tsakanin wannan tudu da wancan kuɗi ne mai yawa a wurinsa. Ku riƙe wannan, domin ranar ciniki za ku ji shi.

Da ake cewa wuta ce mai tsabta, gaskiya ne, kuma ba mu zo nan don mu ƙaryata ba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya lissafa a 2014 cewa, in an haɗa da ƙera injin da kafa shi, kowane awon wuta ɗaya, watau kilowat ɗaya na tsawon awa guda, yana jawo hayaƙin da ke ɗumama duniya kimanin giram 11 in daga iska ne, giram 490 in daga gas ne, giram 820 in daga gawayin ƙasa ne. Mu kuwa ba mu da bukatar a yi mana wa'azi a kan zafi da fari. A farin 1984 a Muwailih, yammacin Umdurman, mutanen Kurdufan da Darfur suka yada zango bayan garkunansu sun ƙare, masu raƙuma ɗari suka koma jiran buhun hatsin agaji. Akwai waɗanda aka haifa a zangon nan suna zaune tare da mu yau. Duk abin da zai rage ɗumamar duniya, makiyayi ne na farko da zai ci moriyarsa. Yana da nasa aibin, ba a ɓoye ba: yana kashe tsuntsaye da jemagu, kuma gaɓar Bahar Maliya hanyar manyan tsuntsaye ce masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai. Fukafukan ma bayan shekara 20 zuwa 25 sai an nemi inda za a kai su. Amma in an auna da hayaƙin tashar mai, tazarar tana da yawa.

Yanzu sai ƙara, wadda ita ce ta tara mu.

Ƙarar iri biyu ce. Akwai gurnanin ƙarafan da ke cikin kan injin, wanda a sababbin injina an rage shi ƙwarai. Akwai kuma shuu, shuu, shuu ɗin da fukafukai suke yi suna yanka iska, kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa. Daga nesa za ka ga kamar a hankali suke juyawa, alhali bakin fiffiken babban inji yana iya gudun fiye da kilomita 250 a awa. Ana auna ƙara da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar mutum biyu a zaure wajen desibel 60 ce. Ƙaramin janareton maƙwabci, wanda duk mazaunin Kalakla ya san muryarsa, ya fi haka. A can sama wajen kan injin, ƙarar takan haura 100. A gindin turken tana komawa wajen 55 zuwa 60, har mutum biyu su yi magana ba tare da ɗaga murya ba. In ka yi nisan mita 400 zuwa 500 tana sauka wajen 40 zuwa 45. Ƙa'idar ita ce duk lokacin da ka ninka nisanka, ƙarar tana raguwa da wajen desibel 6, kuma raguwar desibel 10 ita ce kunne yake ji kamar an rage rabi.

Saboda haka ba ƙarar da take kurmantar da mutum ba ce. Abin da yake damun mutane shi ne nacinta. Janareto mai shi yakan kashe in mai ya ƙare. Wannan kuwa muddin akwai iska yana yi, har asuba. Kuma da dare ya fi fitowa, domin sau da yawa iskar ƙasa takan kwanta, daji ya yi tsit, alhali a can sama inda fukafukan suke tana nan tana kaɗawa. Wanda yake ɓangaren da iska take nufa ya fi jin ta. A ƙasarmu da sanyi iska daga arewa take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma. Ke nan zangon da ke kudu da injina zai sha ƙara da sanyi, na arewa maso gabas kuma da damina. Akwai kuma inuwar fukafukai, wadda da hantsi da la'asar takan riƙa giftawa a ƙasa kamar ana kunna fitila ana kashewa.

A 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta fitar da binciken da ta yi a gidaje 1,238 da ke kusa da injinan iska. Ba ta sami alaƙa tsakanin ƙarar da cututtukan da mutane suka ambata ba, amma ta tabbatar cewa yadda ƙarar take ƙaruwa haka yawan masu cewa ta dame su ƙwarai yake ƙaruwa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, reshenta na Turai, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar injin iska da ke isa wurin zaman mutane ya kai desibel 45.

Dabbobi fa? A Amurka da Denmark da Ostareliya shanu da tumaki suna kiwo har gindin turke, suna ma kwanciya a inuwarsa da tsakar rana. A yammacin Faransa wasu masu shanun madara biyu sun yi shekaru suna kukan cewa nono ya ragu, dabbobi suna mutuwa tun da aka kafa injina kusa da su. Hukumar ƙasar mai kula da lafiyar abinci da muhalli ta bincika, a ƙarshen 2021 ta ce da wuya ƙwarai a ce injinan ne sanadi. To, muna roƙonku, kada wani ya je gaban hukuma da sunan makiyaya ya ce fanka tana ƙafar da nono ko tana sa ɓari. Za su buɗe takarda su karanta masa, a yi dariya, sa'an nan sauran maganarmu ta gaskiya ta bi ruwa.

Amma ba dukkan dabba ce saniyar da ta girma cikin shinge ba. A arewacin Turai akwai wasu makiyaya da ake kira Sami, masu kiwon wata irin barewar ƙanƙara mai ƙaho reshe-reshe, suna tashi da ita daga makiyayar sanyi zuwa ta bazara kamar yadda muke yi tsakanin rani da damina. A Suwidin masu bincike sun rataya wa dabbobin nan na'urar da ke nuna inda suke, suka ga a lokacin haihuwa suna kauce wa injina, suna neman inda ba za su hango su ba. Mu ma mun san bambancin saniyar gida da jar saniyar Mbororo wadda baƙo ba ya kusantarta, kuma mun san raƙumin da bai saba ba, tsumma ma in iska ta kaɗa shi sai ya watsa ayari. Dabbar da take zaune a wurin za ta saba. Wadda take wucewa sau biyu a shekara, yaushe za ta saba?

Nan ne muke so ku ba mu hankalinku, domin nan ne gaɓar maganar take. A ƙasashen da suka daɗe da injinan nan, abin da yake kare mutum daga ƙara shi ne tazara. Doka takan ce kada a kafa inji sai da nisa kaza daga gidan mutane. Jihar Bavariya ta Jamus a 2014 ta sa tazarar ta zama tsawon injin sau goma, watau inji mai mita 200 sai ya yi nisan kilomita 2, kafin daga baya a sassauta. Folan ta yi irin wannan a 2016, a 2023 ta mayar da ita mita 700. To, daga ina ake fara awon? Daga gida. Mene ne gida a wurin mai awo? Gini mai bango wanda yake a kan taswira, mai takarda. Injiniya yakan zauna a ofis da hoton tauraron ɗan Adam, ya zagaye kowane gida da da'ira, duk inda ya rage ya ce fili ne. In da rani aka ɗauki hoton, zangonmu na damina ba ya ciki. In da damina aka ɗauka, mashekarinmu na rani ba ya ciki. Ruga ba ta samun da'ira. Ke nan ana iya cika kowace ƙa'ida ta ƙara, a buga hatimi, kuma turke ya tsaya mita 100 daga inda iyali suka shekara hamsin suna sauka.

Ƙari a kan haka, lissafin nan nasu an yi shi ne da tunanin mutum yana kwance a cikin ɗaki mai bangon bulo da tagar gilashi, waɗanda suke tare wani kaso mai yawa na ƙarar. Bukkar zana da tantin tabarma ba su tare komai. Kuma mai garke da kunne yake gadi. Da dare kunne ne yake gaya masa kura ta zagayo, ko ɓarawo ya taɓa igiyar maraƙi, ko saniya tana naƙuda ta kasa. Ƙarar da ba ta hana ma'aikacin birni barci tana iya rufe wa makiyayi waɗannan. Wannan ita ce hujjar da za mu tsaya a kanta, kuma ba wanda zai iya yi mata dariya.

Dokar ƙasa ma ba ta tare mana ba. Rajistar filaye ta 1925 yawancinta a bakin Nilu da cikin birane ta tsaya. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati ne, kuma ko da aka maye gurbinta da dokar mu'amalolin jama'a ta 1984, asalin maganar bai sauya ba. Makiyaya da burtali da mashaya kuwa wa ya taɓa yi musu rajista? Ta wannan ƙofa manyan gonakin tarakta suka bazu a Gadarif da Habila da Dali da Mazmum bayan kafa hukumar noman injina a 1968, burtalin da garke yake bi a baje ya koma siririn lungu tsakanin gonaki, kowace kaka ana biyan diyyar ɓarna. Madatsar Marawi da aka buɗe a 2009 wuta mai tsabta ce ita ma, megawat 1,250 ba hayaƙi, amma ku tambayi mutanen Hamdab da Amri da Manasir da ruwa ya tasa. An yi dokar makiyaya a 2015, sai dai dokar da ba a bi ta da awo da turaku a ƙasa ba, a aljihun tebur take kwana.

Bari mu kai ku Kenya, domin makiyaya irinmu abin ya faru da su. A gundumar Marsabit, gabas da tafkin Turkana, akwai gonar iska mafi girma a ƙasar, injina 365, megawat 310, shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe ta a 2019. Filin da aka ba kamfanin eka 150,000 ne, makiyayar Rendille da Samburu da Turkana da El Molo, alhali injinan a kan eka 40,000 suke. An matsar da ƙauyen Sarima, an gyara hanya mai tsawon fiye da kilomita 200, masu neman aiki suka kwararo, ƙauyen ya cika da baƙi. Kamfanin yana cewa bai kewaye filin da waya ba, dabbobi suna kiwo a tsakanin injina. Amma kiwon da kake yi da iznin mai takarda daban yake da kiwon da kake yi a filin kakanninka, domin izni ana iya janye shi. Mutanen wurin sun kai ƙara a 2014. Sai a Oktoba 2021 kotun filaye da ke Meru ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida wajen ba da filin ba. Shekara bakwai. Kafin nan injina sun riga sun tsaya suna juyawa.

A cikin wannan wata na Oktoba 2021, ran 11, kotun ƙoli ta Norwe ta yanke wa Sami na yankin Fosen hukunci irin wannan. Ta ce iznin da aka ba gonakin iska biyu, Storheia da Roan, masu injina 151, ba shi da inganci, domin ya tauye haƙƙin makiyayan na ci gaba da al'adarsu ta kiwo. Kuna tsammani an tumɓuke injinan? Ko ɗaya. Sai da samarinsu suka je suka zauna a ƙofofin ma'aikatun gwamnati a Oslo a Fabrairu 2023, gwamnati ta ba da haƙuri, sa'an nan aka yi sulhu a Disamba 2023 da Maris 2024: injina su ci gaba, a riƙa biyan makiyaya kuɗi kowace shekara, a nema musu wata makiyayar sanyi, kuma ba za a sabunta izni ba sai da yardarsu. Wannan a ƙasar da kotu take da ƙarfi ke nan, makiyayan suna da lauyoyi da majalisarsu. Mu da muke nan, in muka bari aka zuba kankare, sai dai mu yi ta zarya.

'Yan uwanmu na yamma ma abin ya je musu. A Lambar Rimi, kusa da birnin Katsina, akwai aikin megawat 10 mai ƙananan injina 37 masu fukafukai biyu-biyu na kamfanin Vergnet na Faransa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganar yana gwamna, Gwamnatin Tarayya ta karɓa daga baya. A Disamba 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Bafaranshe a Rimi, sai a Nuwamba 2013 ya kuɓuta, aiki ya yi ta tsayawa, har shekarar 2020 ta zo ba a ƙaddamar da shi ba. Abin da za mu ɗauka a nan shi ne aiki yana iya tsayawa shekara da shekaru, saboda haka dole takarda ta faɗi makomar fili in hakan ta faru. A Nijar kuma an sa hannu a 2022 kan shirin gonar iska ta Tarka a jihar Tawa, mai ƙarfin har megawat 250. Su can suna da abin riƙewa, domin dokarsu ta kiwo ta 2010 ta amince a rubuce cewa tashi da dabbobi daga wuri zuwa wuri haƙƙin makiyayi ne.

To, mene ne matsayinmu? Ba mu ƙi injin iska ba. In an kwatanta shi da gonar tarakta ko gonar rake, shi ne ya fi sauƙin zama da dabba, domin ana ware turakun nesa da juna, abin da harsashi da hanyoyi suke ci bai kai kashi 5 cikin 100 na filin ba, sauran ciyawa ce. Gonar farantan hasken rana ma ta fi shi cin fili, ga ta da shinge. Saboda haka abin da za mu nema mai yiwuwa ne, ba ya kuma hana kowa riba. A lissafa zangon damina da mashekarin rani da mashaya a matsayin wurin zaman mutane, a auna musu tazara kamar yadda ake auna wa gida. A auna ƙarar da dare, a fili, a ɓangaren da iska take nufa, da wakilinmu a tsaye. Kada kamfani ya karɓi takardar mallakar dukkan filin. A ba shi hayar gindin turke da hanya da tashar tara wuta, zuwa shekarun da aka ƙayyade, sauran ya zauna makiyaya da sunanta, kuma a rubuta cewa ba shinge. In layin injina zai ratsa burtali, a bar ƙofa mai faɗin da ayari zai wuce ba tare da inuwar fiffike ta faɗa a kansa ba.

Lokacin gini ya fi kowane lokaci haɗari, kuma shi ne ba a cika maganarsa ba. Wata da watanni manyan motoci suna kai da kawo, ana haƙa ramukan harsashi da dogayen kwatamin binne waya, waɗanda maraƙi in ya faɗa da dare sai gawa. Kankare kuma ruwa yake sha, kuma ba daga Nilu za su ɗebo shi ba in akwai hafirinku a kusa. Sai a rubuta daga ina za a ɗebi ruwa, a wane wata za a dakatar da motoci don garke ya wuce, da wanda zai biya in dabba ta karye. Fatake, wannan ya shafe ku kai tsaye. Kwana biyu da aka ƙara wa ayari na zagaye, nama ne yake zubewa a hanya, kuma a kara ku za ku ga bambancin a farashi.

Sai kuma ita wutar kanta. Abin kunya ne waya ta wuce ta saman ruga zuwa birni, famfon da dabbobinmu suke sha ya tsaya don ba gas. A sa famfunan mashaya da firjin ajiye allurar rigakafi da wurin sanyaya nono a cikin yarjejeniya tun farko. Iyayenmu mata sun fi mu sanin yawan nonon da yake lalacewa kafin ya iso kasuwa, kuma a kwamitin da za a tura dole a sa su.

Muna gargaɗin junanmu da abu ɗaya, kuma iyayenmu shugabanni su yi mana afuwa, ba da wani muke ba. Kada mutum ɗaya, ko wane ne shi, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa da sunan jama'a a ɗakin otal. In an zo muku da takarda, ku ce a bar muku kwafi, a karanta a gaban taro, a fassara da Hausa da Fillanci ga wanda Larabcin ofis ya yi masa nauyi. Haka kuma in kuka ga an kafa wani siririn dogon ƙarfe a daji, an ɗaure shi da wayoyi ta kowane gefe, da wasu 'yan kofuna suna juyawa a jikinsa, to, na'urar awon iska ce. Ana barin ta shekara guda ko fiye kafin a yanke shawara. Ranar da kuka gan ta, ranar za ku aiko mana, domin a wannan shekarar ce kaɗai taswirar injiniya take karɓar gyara da araha.

Aikin da ke gabanmu kuwa ba ya jiran kowa. Kowane ardo da kowane madugun ayari ya ba mu sunan dattijo ɗaya da ya san hanya, da saurayi ɗaya mai wayar da take nuna wuri. Za su bi burtali tare, su ɗauki kowane zango da rijiya da hafiri da maƙabarta, da sunan da muke kiransa da watan da muke sauka, maƙwabtanmu manoma su shaida. Za mu fara da hanyoyin da suke shigowa Muwailih daga yamma da na gaɓar Farin Nilu, gwargwadon inda tsaro ya bari, sa'an nan a kai kwafi ofishin kula da makiyaya a karɓo hatimin shaidar karɓa. Magatakarda yana bakin ƙofa da littafi, a ba shi sunayen kafin a tashi.